Abrahata Sarkin Yaman, Mai Giwar da Ta Ƙi Shiga Makka



A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani sarki wanda kusan kowane Musulmi ya san ƙarshensa, amma kaɗan ne suka san farkonsa. Duk yaron da aka sa makarantar allo, a nan Hunkuyi ne ko Kudan ko Makarfi ko Ikara, ba ya daɗewa sai an rubuta masa Suratul Fili, domin ita ce ta goma idan aka faro daga Nasi ana hawa, ita ce kuma ta 105 a jerin surorin Alƙur'ani mai girma, ayoyinta biyar. Surar ta ba da labarin ma'abota giwa ba tare da ambaton sunan shugabansu ba. Malaman tafsiri da na tarihi su ne suka sanar da mu cewa sunansa Abrahata, laƙabinsa Al-Ashram, alkunyarsa kuwa Abu Yaksum.

Abin da ya sa ya kamata a san farkon nasa shi ne, wannan mutum ya shigo ƙasar Larabawa cikin rundunar da ta zo ɗaukar fansar muminai da aka ƙone da wuta, ya kuma ƙare rayuwarsa yana jan runduna don rushe Ɗakin Allah. Abin da ya auku tsakanin waɗannan runduna biyu shi ne darasinmu na yau.

YAMAN KAFIN ZUWANSA

A farkon ƙarni na shida na Miladiyya manyan dauloli biyu ke takara a duniya, watau Rum da Farisa. Yaman kuwa, wadda sarakunan Himyar ke mulki, ita ce ƙofar fataucin Indiya, don haka kowace daula tana son ta zama tata. A ƙetaren Bahar Maliya akwai daular Habasha, wadda hedkwatarta ke Aksum, sarakunanta sun karɓi addinin Nasara tun ƙarni na huɗu, suna kuma abota da Rum.

A wannan zamani ne wani sarkin Himyar, Yusufu, wanda Larabawa ke kira Zu Nuwas, ya riƙi addinin Yahudu, ya tasam ma Kiristocin garin Najran a shekarar 523. Ya ba su zaɓi ko su bar addininsu ko su mutu, suka zaɓi mutuwa. Ya sa aka haƙa ramuka, aka hura wuta, aka yi ta jefa su maza da mata, waɗansu kuma aka sare su da takobi. Ibn Is'haƙ, marubucin tarihin Annabi, ya ce waɗanda suka halaka sun kai kimanin 20,000. Malaman tafsiri da yawa suna ganin su ne ma'abota rami waɗanda Suratul Buruji ta ambata, inda Allah Ya kira waɗanda aka ƙone muminai, Ya la'anci waɗanda suka ƙone su.

Wani mutum da ake kira Dausu Zu Sa'alaban ya tsere a kan dokinsa, ya kai kuka wurin Ƙaisar sarkin Rum. Ƙaisar ya ga ƙasar ta yi masa nisa, sai ya haɗa shi da sarkin Habasha. Wajen shekarar 525 sarki Kalib na Aksum ya ƙetaro teku da runduna mai yawa, aka ci Himyarawa da yaƙi. Larabawa sun ruwaito cewa da Zu Nuwas ya ga babu mafita, sai ya zaburi dokinsa ya faɗa teku, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Cikin wannan runduna ta Habasha ne Abrahata ya taka ƙasar Yaman.

YADDA YA HAU KARAGA

Game da asalinsa, wani marubucin Rum mai suna Burukubiyus, wanda suka yi zamani tare, ya ce Abrahata bawa ne na wani attajirin Rum mai safarar jiragen ruwa a Adulis, tashar jiragen Habasha, wadda kufanta ke cikin ƙasar Eritiriya a yau. Ya ce sarki Kalib ya naɗa wani Bahimyare Kirista ya riƙe masa Yaman, amma sojojin Habasha da suka ga albarkar ƙasar suka ƙi komawa gida, suka tsare wannan wakili, suka ɗora Abrahata. Kalib ya aiko da mayaƙa 3,000 su hukunta shi, sai suka kashe kwamandansu suka bi Abrahata. Ya sake aiko da wata runduna, ita kuma aka karya ta. Sai bayan Kalib ne Abrahata ya yarda ya riƙa kai gaisuwa ga magajinsa.

Ruwayar Ibn Is'haƙ ta zo da ƙarin bayani. Ta ce shugaban rundunar Habasha sunansa Aryaɗu, Abrahata kuwa yana ƙarƙashinsa. Bayan 'yan shekaru suka saɓa, sojoji suka rabu biyu. Da aka ja dāga, sai Abrahata ya aika wa Aryaɗu cewa bai kamata a ƙarar da Habashawa a kan rigimar mutum biyu ba, su fito su kara su kaɗai, wanda ya rinjayi ɗan'uwansa runduna ta zama tasa. Aryaɗu dogo ne kyakkyawa, Abrahata kuwa gajere ne kakkaura. Aryaɗu ya kai masa sara da mashi, ya tsarga masa gira da hanci da leɓe, daga nan ne ya sami laƙabin Al-Ashram, watau mai tsagaggiyar fuska. Ashe ya riga ya ɓoye wani bawansa, Atauda, a bayansa, shi kuwa ya fito ya kashe Aryaɗu. Sarautar da aka yi alkawarin za ta tabbata ta hanyar karo na gaskiya, sai ga shi ta tabbata ta hanyar yaudara.

Da labari ya kai wa Najjashi, watau sarkin Habasha, sai ya yi rantsuwa lalle zai taka ƙasar Abrahata, ya kuma yanke gashin goshinsa. Abrahata ya aske kansa, ya cika jaka da ƙasar Yaman, ya aika masa da su tare da takardar biyayya, don ya taka ƙasar a fadarsa, rantsuwarsa ta kuɓuta. Najjashi ya huce, ya bar masa mulki. Wannan ya nuna mana irin mutumin da yake: mai wayo, mai sanin inda zai durƙusa da inda zai miƙe.

AYYUKAN MULKINSA

Adalci ne a faɗi cewa Abrahata ba ragon sarki ba ne. Akwai wani dogon dutse a Ma'arib, tsohon birnin mutanen Saba'i, wanda ya sa aka rubuce shi da haruffan Himyar, layi 136, wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Eduard Glaser, ya kwafe shi a shekarar 1888. Rubutun ya fara da ambaton Mai rahama da Almasihunsa da Ruhu mai tsarki, sa'an nan ya ba da labarin shekarun 547 da 548. A ciki ya faɗi yadda wani hakiminsa, Yazidu ɗan Kabshata na ƙabilar Kinda, ya yi masa tawaye, da yadda yana cikin kwantar da tawayen labari ya zo masa cewa madatsar ruwan Ma'arib ta ɓalle. Wannan ita ce madatsar da noman ƙasar duka ya dogara a kanta, wadda Suratu Saba'i ta yi maganar ambaliyarta. Abrahata ya tara ƙabilu aikin gayya, annoba ta faɗo cikin ma'aikata har ya sallame su na ɗan lokaci, daga baya aka koma aka gama gyaran.

Rubutun ya ƙara da cewa a Ma'arib ya karɓi jakadun Najjashi da na sarkin Rum da na sarkin Farisa, da na sarakunan Larabawa na Hira da Sham. Mai karatu ya dubi wannan al'amari: wanda jiya ake kira bawan attajiri, yau ga manyan sarakunan duniya suna aiko masa da manzanni.

Wani rubutun kuma yana jikin dutse a rijiyar Muraigan, arewa da Najran, wanda aka gano a farkon shekarun 1950. Shi yana ba da labarin yaƙin da Abrahata ya kai wa ƙabilun Ma'addu a tsakiyar ƙasar Larabawa wajen shekarar 552, ya ci su, ya karɓi mutanensu jingina. Ke nan ikonsa ya wuce Yaman nesa. Amma tare da wannan ƙarfi, zalunci bai bar shi ba. Imam Ɗabari ya kawo cewa ya ƙwace matar wani basarake na gidan Zu Yazan, mai suna Raihana, ya mai da ita tasa. Mai karatu ya riƙe sunan wannan gida, za mu komo gare shi.

GININ AL-ƘULLAISU

Da mulki ya zauna masa, sai ya gina wata majami'a a birnin San'a'a wadda Larabawa ke kira Al-Ƙullaisu, ko Al-Ƙalis. Masu tarihi sun ce ba a taɓa ganin irinta ba a wannan yanki. An kwaso duwatsu daga tsofaffin fadojin Ma'arib, sarkin Rum ya aiko da magina da farin dutse mai sheƙi, aka ƙawata ta da zinariya da azurfa da katako mai tsada. An ruwaito cewa ya tsananta wa talakawan da ya tilasta aikin, har wanda rana ta fito bai iso wurin aiki ba ana yanke masa hannu.

Gina wurin ibada ba laifi ba ne ga mai addini. Inda ɓarnar ta shigo shi ne niyya. Ya rubuta wa Najjashi cewa ba zai huta ba sai ya juyo da hajjin Larabawa zuwa wannan gini. Ya lura cewa kowace shekara ƙabilu suna ɗunguma zuwa wani ɗaki na duwatsu a cikin kwarin da ba a noma, kasuwanni suna ci a hanyarsa, Ƙuraishawa suna samun girma da dukiya saboda shi. Ya ɗauka abin da ke jan mutane can gini ne, don haka in ya yi wanda ya fi shi kyau, zukata da fatauci duk za su juyo San'a'a. Bai gane ba cewa kiran Annabi Ibrahimu ne, amincin Allah ya tabbata a gare shi, mutane ke amsawa, ko da yake a lokacin sun cika Ɗakin da gumaka.

Da Larabawa suka ji wannan niyya suka fusata. Wani mutum daga Banu Fuƙaimu na ƙabilar Kinana, cikin masu jinkirta watanni masu alfarma a Jahiliyya, ya tafi San'a'a ya shiga majami'ar ya ƙazantar da ita, ya gudu. Wannan aiki ne na wauta, ba kuwa abin da Musulunci ya yarda da shi ba ne. Amma maimakon Abrahata ya nemi mai laifi shi kaɗai, sai ya rantse zai rushe Ka'aba. Laifin mutum ɗaya ya zama masa hujjar abin da tun da can yake so.

TAFIYA DA GIWA

Giwa a wancan zamani ita ce babban makamin sarakuna. Jakadun Rum da suka ziyarci Aksum sun tarar da sarki a kan keken da giwaye huɗu ke ja. Larabawan Hijaz kuwa ba su san ta ba, dawakinsu ma ba sa tsayawa in sun ji warinta. Ko bayan zuwan Musulunci, a Yaƙin Gada cikin shekara ta 13 bayan Hijira, giwar Farisawa ce ta tattake kwamandan Musulmi Abu Ubaidu Assaƙafi, a Ƙadisiyya ma sai da giwaye suka wahalar da rundunar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas kafin a san lagonsu. To, ina ga mutanen Makka, waɗanda ba su da sarki, ba su da ganuwa, ba su da sojan da ke tsaye?

Abrahata ya fito da runduna wadda aka ce ta kai 60,000, a gabanta wani ƙaton toron giwa mai suna Mahmudu. Waɗansu sun ce shi kaɗai ne, waɗansu sun ce akwai takwas ko goma sha biyu tare da shi. Dabarar kuwa ita ce a ɗaura sarƙoƙi a kusurwoyin Ɗakin, a rataya a wuyan giwa, ta fizge shi gaba ɗaya. Tsakanin San'a'a da Makka kimanin mil 500 ne, cikin duwatsu da ƙarancin ruwa.

A hanya wani basaraken Yaman, Zu Nafar, ya tara mutane ya tare shi, aka karya su aka kama shi. A ƙasar Khas'am, Nufailu ɗan Habibu ya fito da ƙabilarsa, shi ma aka kama shi aka mai da shi ja-gora. Da aka iso Ɗa'ifa, sai mutanen Saƙifa ƙarƙashin Mas'udu ɗan Mu'attibu suka fito suka yi mubaya'a, suka nuna masa cewa ɗakin gunkinsu Lata ba shi ne wanda yake nema ba, suka kuma ba shi wani mutum, Abu Rigal, ya nuna masa hanya. Suna isa Mugammas, kusa da Makka, Abu Rigal ya mutu, Larabawa suka daɗe suna jifan kabarinsa, sunansa ya zama abin misali ga duk wanda ya sayar da mutanensa.

GANAWA DA ABDUL MUƊƊALIBI

Daga Mugammas Abrahata ya aika da mahaya ƙarƙashin Aswadu ɗan Maƙsudu, suka koro dukiyar mutanen Tihama, har da raƙuma 200 na Abdul Muɗɗalibi ɗan Hashimu, shugaban Ƙuraishawa, wanda ya sake tono rijiyar Zamzam, yake kuma shayar da mahajjata. Ƙuraishu da Kinana da Huzailu suka yi niyyar yaƙi, da suka auna ƙarfinsu suka fasa. Sa'an nan Abrahata ya aiko manzonsa Hunaɗa Bahimyare ya shaida musu cewa Ɗakin kaɗai yake nufi, in ba su tare shi ba ba ya bukatar jininsu.

Abdul Muɗɗalibi ya tafi sansanin, ya nemi Zu Nafar, wanda tsohon abokinsa ne, shi kuwa ya haɗa shi da Unaisu mai kiwon giwa, ya yi masa iso. Abdul Muɗɗalibi mutum ne mai kwarjini da kyan halitta. Da Abrahata ya gan shi sai ya ji nauyin ya bar shi a ƙasa, bai kuma so Habashawa su gan shi tare da shi a kan karaga ba, sai ya sauko suka zauna tare a kan shimfiɗa. Ya sa tafinta ya tambaye shi bukatarsa, dattijon ya ce a mayar masa da raƙumansa. Abrahata ya nuna masa cewa girmansa ya zube a idonsa, tun da yana maganar raƙuma ya bar maganar Ɗakin da shi da kakanninsa ke girmamawa. Abdul Muɗɗalibi ya amsa masa cewa shi raƙuman ne nasa, Ɗakin kuwa yana da Mai shi wanda zai tsare abinSa. Abrahata ya ce babu mai tsare shi daga gare shi. Wannan kalma ita ce ƙololuwar girman kansa, daga kanta kuma gangara ta fara.

An ruwaito cewa shugabannin Bakru da Huzailu sun yi masa tayin sulusin dukiyar Tihama don ya koma, ya ƙi. Abdul Muɗɗalibi ya karɓi raƙumansa, ya komo ya umarci mutane su fice zuwa kan duwatsu. Ya kama zoben ƙofar Ka'aba tare da waɗansu Ƙuraishawa suka yi ta roƙon Allah, ba su kira gunki ko ɗaya ba a wannan rana, sa'an nan su ma suka hau dutse suna jiran abin da zai faru.

RANAR TSUNTSAYE

Da gari ya waye aka shirya runduna, aka fuskantar da Mahmudu wajen Makka, sai ya durƙusa. Aka doke shi da gatari a ka, aka soka masa ƙugiyoyi a ciki, ya ƙi tashi. In an juya shi wajen Yaman sai ya miƙe da sauri, haka wajen Sham, haka wajen gabas, amma da zarar an fuskantar da shi Makka sai ya koma ya gurfana. Hausawa na cewa giwa a garin wani zomo ce. Dabbar da ba ta da hankali ta san iyakarta, mai ita kuwa bai sani ba.

Suna cikin wannan hali Allah Ya aiko musu da tsuntsaye jere-jere daga wajen teku, masu kama da tsattsewa, kowanne ɗauke da duwatsu uku na yumɓun da aka gasa, ɗaya a baki biyu a ƙafafu, girman kowane dutse bai wuce ƙwayar wake ba. Duk wanda ya sama sai ya halaka, ko da yake ba dukkansu ya sama ba. Runduna ta watse, suna neman Nufailu ya nuna musu hanyar gida, suna faɗuwa a kowace hanya da kowane mashaya. Alƙur'ani ya kamanta su da karmamin da aka cinye, manomin ƙasarmu kuwa ya san yadda gona ke komawa bayan shanu sun kwana a cikinta da kaka.

Ibn Is'haƙ ya kawo cewa a wannan shekara ce aka fara ganin agana da ƙyanda a ƙasar Larabawa. Saboda haka ne Shaihu Muhammadu Abduhu na Masar, wanda ya rasu a 1905, ya fassara abin da cewa annoba ce aka aiko musu ta hanyar halittu masu tashi. Jamhurin malamai ba su bi shi a kan haka ba, sun bar ayar a kan zahirinta. Abin da kowa ya haɗu a kai shi ne, halakar daga Allah take, babu hannun Ƙuraishu a ciki.

Malamai da yawa sun ce a kwarin Muhassar abin ya auku, tsakanin Muzdalifa da Mina, waɗansu kuwa sun ce a Mugammas ne, wajen Harami. Ya tabbata dai cewa Manzon Allah ya ɗan zaburi taguwarsa da ya iso Muhassar a Hajjin Ban-kwana, shi ya sa ake so alhazai su ɗaga ƙafa a wurin. Alhazanmu da ke gangarowa Mina da safiyar Babbar Salla su riƙa tuna wannan.

MUTUWARSA DA ƘARSHEN GIDANSA

Abrahata bai mutu nan take ba. An ɗauke shi aka nufi gida da shi, yatsunsa suna zuba ɗaya bayan ɗaya, jini da mugunya suna kwarara, har aka iso San'a'a ya koma kamar ɗan tsako, can ya cika. Ɗansa Yaksum ya gaje shi, bayansa Masruƙu, ɗan Raihanar nan da ya ƙwace. Sai ga Saifu ɗan Zu Yazan, daga gidan da aka zalunta, ya tafi neman taimako wurin Kisra sarkin Farisa. Kisra ya ba shi fursunoni 800 cikin jirage takwas ƙarƙashin wani tsohon maharbi, Wahrizu, jirage biyu suka nutse, shida suka iso. Masruƙu ya fito yaƙi a kan giwa, ya sauka ya hau doki, ya sauka ya hau alfadari, Wahrizu ya harbe shi a goshi. Da haka mulkin Habasha ya ƙare a Yaman a cikin shekarun 570, ƙasar ta koma hannun Farisa har zuwan Musulunci. An ruwaito cewa Abdul Muɗɗalibi yana cikin waɗanda suka je San'a'a yi wa Saifu murna.

Al-Ƙullaisu ta zauna kango har farkon daular Abbasiyawa, aka rushe ta aka kwashe kayanta. Madatsar Ma'arib ma ba ta daɗe ba ta ɓalle ɓallewar ƙarshe. Uwar muminai A'ishatu, Allah Ya yarda da ita, ta ce ta ga majayin giwar da mai kiwonta a Makka, makafi guragu, suna bara.

Ƙuraishawa suka riƙa ƙidayar shekaru daga Shekarar Giwa, har Halifa Umaru ya kafa ƙidayar Hijira. Magana mafi shahara ita ce a cikinta aka haifi Annabi, kimanin kwana 50 bayan aukuwar abin, watau 570 ko 571. Waɗansu magabata sun ce giwar ta riga haihuwar da shekaru masu dama, waɗansu masanan zamani kuma suna danganta ta da yaƙin 552 na dutsen Muraigan, ko da yake wannan rubutu bai ambaci Makka ko giwa ba, nasara ma yake faɗi. Ko ta yaya, sa'ad da Suratul Fili ta sauka akwai tsofaffi a Makka da suka san abin, ba a kuwa ji wanda ya ƙaryata ba, duk da kwaɗayinsu na ƙaryata Manzo.

ABIN LURA

Kada wani ya ɗauki wannan tarihi ya mai da shi makamin ƙin wata ƙabila ko mabiya wani addini. Alƙur'anin da ya ba da labarin halakar ma'abota giwa shi ne ya yabi waɗanda aka ƙone a rami. Habashar da Abrahata ya fito ita ce Annabi ya tura sahabbansa gudun hijira wajen shekarar 615, saboda akwai sarki a can wanda ba a zaluntar kowa a wurinsa, shi ne Najjashi As'hama, wanda Manzo ya yi wa sallar gawa daga Madina. Zu Nuwas ya ƙone masu ibada, Abrahata ya zo cikin masu ramawa, da ya sami iko sai ya bi sawun wanda ya kayar. Zalunci ba shi da gida ɗaya, duk zuciyar da ta buɗe masa ƙofa nan yake kwana.

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda Allah Ya ɗora bisa jama'a, sarki ne ko hakimi, zaɓaɓɓe ne ko shugaban ƙungiya ko limami. Sau nawa muka ga wanda ya hau da kukan an zalunce mu, ya sauka ana kuka da shi? Gargaɗi ne kuma ga mai gina masallaci ko makaranta don ya kwashe jama'ar wani, ko don a ce nasa ya fi. Gini ba ya jan zukata, Mai zukatan ne ke juya su. Haka nan wanda ya ƙazantar da Al-Ƙullaisu ya jawo wa mutanensa bala'in da ba don kiyayewar Allah ba da sun ƙare, saboda haka matasa su guji taɓa wurin ibadar kowa.

Kada kuma a fahimci maganar Abdul Muɗɗalibi a kan cewa naɗe hannu ne. Ya nemi haƙƙinsa, ya je sulhu, ya fitar da mutanensa daga hatsari, ya yi addu'a, sa'an nan ya bar wa Allah abin da ya fi ƙarfinsa. Manzon Allah da kansa ya tuna da giwar a shekara ta 6 bayan Hijira, sa'ad da taguwarsa Ƙaswa'u ta durƙusa a hanyar Hudaibiyya. Sahabbai suka ce ta yi gardama, shi kuwa ya sanar da su cewa Wanda Ya tsare giwa ne Ya tsare ta, ya karɓi sulhu don girmama alfarmar Harami. Bayan shekara biyu ya shiga Makka yana sunkuyar da kai don ƙanƙan da kai ga Ubangijinsa.

Allah Ya tsare mu da girman kai da zalunci, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kai wanda bai je ba Ɗakinsa mai alfarma, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.